Shekarar da Kifi Ya Haura

Duk wanda ya taɓa sauka bakin kogin da safe ya san Mai Banda. Ko bai ga fuskarta ba, ya shaƙi hayaƙinta. Rumfarta tana can ƙarshen gaɓa, inda masunta ke ɗaure kwale-kwalensu. Ba wani abin kallo a ciki: gangunan ƙarfe da aka fasa gindinsu aka shimfiɗa musu waya a baki, tarin itace a gefe, da wani teburi da wuƙa ta cinye tsakiyarsa har ya yi kwari. Amma kifin da ya fito daga wannan rumfa ba ya kwantai. Ta san itacen da ke ba kifi ja da wanda ke sa masa ɗaci, ta san lokacin da ake juya gunduwar giwan ruwa kafin mai ya fara ɗiga cikin wuta. Dillalai sukan taso daga nesa su zauna kan bencinta suna jiran ta sauke.

Mijinta masunci ne, ana ce masa Sannu-Sannu, domin ba a taɓa ganin abin da ya sa shi sauri ba. Abokansa sukan ce ko kada ne ya biyo shi sai ya tsaya ya gyara zaman hularsa. Shi ya fi kowa sanin kamun manyan kifi a wannan gaɓa, shi kuma ya fi kowa ƙarancin magana a kai. 'Ya'yansu duk sun girma, kowa ya kama gabansa.

Na ukunsu a harkar shi ne ƙaninta, Auta. Mahaifiyarsu ta rasu ta bar shi yana rarrafe, Mai Banda kuwa lokacin 'yar budurwa ce. A bayanta ya yi wayo, da ta yi aure ma da shi ta tafi. Sannu-Sannu ne ya koya masa riƙon filafilin tuƙa kwale-kwale da jefa raga. Ya tashi dogo, mai fara'a, mai zaƙin baki. In ya shigo rumfa sai ya zaɓi kifin da ya fi kyau a kan waya ya ce dubawa yake ko ya yi, ita kuma ta bi shi da guntun itace tana zagi tana dariya. Da ya yi aure, Mai Banda ta ja matarsa a jiki, ta zaunar da ita gefen ganga ta koya mata sana'ar, ba ta ɓoye mata komai ba.

Kogin ba rana ɗaya ya canza ba. Damina ta fara makara, in ta zo kuma ta zo da fushi, ta yi ambaliya ta janye tun mutane ba su gama kwashe kaya ba. Rani ya ƙara tsawo. Tsibiran yashi suka fito a wuraren da a da sai gwanin iyo ke zuwa. Mai Banda a ƙafarta ta fara ganewa. A da in ta shiga ruwa da sassafe wanke kwanduna, sanyi ke sarar mata ƙwauri. Yanzu sai ta ji shi ɗumi-ɗumi kamar wanda aka surka wa jariri. Wata safiya aka wayi gari da kifi birjik a saman ruwa, suna buɗe baki suna neman iska, wasu sun juya ciki sama. Yara suka yi ta kwasa da hannu suna murna. Manya ba su yi murna ba.

Daga wannan shekara giwan ruwa ya fara wuya, ragon ruwa ya bi bayansa. Abin da raga ke fitowa da shi sai ƙananan tarwaɗa masu jure taɓo, da wasu mitsi-mitsin kifi waɗanda a da kaji ake watsa wa. Kowa da abin da yake faɗa. Wasu su ce guba aka zuba, wasu su ce zunubi ne ya yi yawa, wasu su ɗora wa masu raga mai ƙananan ido.

Ana cikin haka wata ma'aikaciyar ofishin kula da kifi ta zo, wadda suke kira malamar kifi. Ta daɗe tana bin kogin a kwale-kwale mai inji, tana zura ma'aunin zafi cikin ruwa, tana duba kamun masunta tun daga gangare har can sama. Da ta gama ta tara su a inuwar bishiya ta ce musu kifinsu bai mutu ba, ƙaura ya yi. Yanayi ya sauya, zafi ya ƙaru, ruwa ya ragu, ruwan da ya yi ɗumi kuwa iskar da kifi ke shaƙa takan yi ƙaranci a cikinsa. Manyan kifi ba sa jure haka, shi ya sa suka haura can gindin duwatsu, inda kogin ya matse ya yi zurfi, itatuwa suka yi masa inuwa, ƙoramu masu sanyi ke zubowa ciki. Wani dattijo ya tambaye ta yaushe za su dawo. Ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, kada ya zauna jira.

Ruwan gindin duwatsu kuwa da masu shi. Mutanen can manoma ne, kamun kifi bai dame su ba, amma ba sa barin baƙo ya jefa raga a ruwansu ba da izini ba. Mai Banda da mijinta suka yi shawarar a tura wani ya roƙa musu wuri, ko da na rani ne kawai. Ba a sha wahalar neman ɗan aike ba. Ta ce Sannu-Sannu in ya je gaisuwa zai yi ya dawo bai faɗi abin da ya kai shi ba, Auta kuwa ko dutse ya yi wa magana sai ya amsa. Cikin ɗan abin da ya rage mata ta zaɓi mafi kyau ta cika masa kwando, ta ce ya kai wa manyan garin su ɗanɗana, su san irin hannun da ke neman wuri a wajensu.

Ya yi kwanaki ya dawo fuska a murtuke. Ya zauna kan benci ya ce sun karɓe shi hannu bibbiyu, sun ci kifin sun yaba, amma da ya kawo maganar ruwa sai suka rufe ido. Sun ce in yau suka bar gida ɗaya, gobe gari guda ne zai taso musu. Mai Banda ta ji abin har cikin ƙashinta, amma ganin yadda ya sunkuyar da kai sai ta koma lallashinsa, ta ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, rabonsu ne ba ya can.

Ba a jima ba Auta ya zo da labarin ya sami aiki a birni, wajen wani mai motocin dakon kaya, kuma da matarsa zai tafi. Ranta bai so rabuwar ba, amma ta yi masa murna, don ba abin da ya rage wa matashi a wannan gaɓa. Ya ce matarsa za ta riƙa ɗan taɓa banda a can don kada ta zauna haka, Mai Banda ta ware mata ganguna da wayoyinsu da wuƙarta mai kyau. Ya kuma dubi babbar ragar Sannu-Sannu mai manyan ido, wadda ke rataye tun da giwan ruwa ya ɓace, ya ce ɓeraye ne kawai ke cin amfaninta, shi kuwa ya san wanda zai so ta a hanya. Sannu-Sannu ya dube shi ya ɗan jima, sannan ya tashi ya sauke ragar ya naɗe masa.

Shekarar da ta biyo ta yi musu nauyi. Sannu-Sannu ya jingine filafili ya shiga haƙar yashi. Kogin da ya ciyar da shi da kifi tun yana saurayi, yanzu cikinsa yake kwasa da shebur yana loda wa manyan motoci, shi da sa'o'in 'ya'yansa. Samarin sukan tsokane shi su ce Baba, kafin ka ɗaga shebur ɗaya direba ya yi barci ya farka. Yakan yi murmushi, ya dawo gida da yamma ya kwanta rub da ciki, ta riƙa danna masa baya da tsumma mai zafi. Ita kuma ta fara abin da ta taɓa rantsewa ba za ta yi ba: shiga mota zuwa babbar kasuwa ta sayo kifin kwali mai ƙanƙara, wanda ba ta san ruwan da ya fito ba, ta narkar ta ƙyafe. Dillalan nesa suka daina zuwa. Bencinsu ya zama wurin kwanciyar awaki.

Auta yakan kira ta a waya jefi-jefi. Kullum cikin sauri yake, kullum maigidansa na kiransa. In ta tambayi unguwar da suke sai ya ce ai birni ba ya kwatantuwa, ta bari su ɗan zauna da gindinsu, da kansa zai zo ya ɗauke ta ta ga ɗaki. Da matan gaɓa suka fara cewa yaron nan ya manta da wadda ta goya shi, ita ce ke tare masa, ta ce ba su san wahalar aiki a ƙarƙashin wani ba. Har gaba ta yi da wata maƙwabciyarta a kan haka.

Ranar da abin ya fito ranar kasuwa ce, da hantsi. Ta sayi kwalinta ta ɗora a kai, za ta fita ta layin masu busasshen kifi, sai wani ƙamshi ya tsayar da ita. Giwan ruwa ne, gunduwa-gunduwa, jajir, cike da manyan kwanduna, irin wanda ta daɗe ba ta sa a ido ba. Ta sauke kwalin ta tsuguna ta ɗauki ɗaya tana juyawa. Mai kayan wata dattijuwa ce mai faffaɗar fuska. Ta ce daga gindin duwatsu ta kawo, ita ce matar shugaban garinsu, kuma yau ne farkon zuwanta da kanta, a da aike take yi. Suna cikin haka wata mai tebur a gefe ta ɗaga murya cikin wasa ta ce, Mai Banda, yau kin ga wanda ya fi naki ko?

Dattijuwar ta ajiye kifin da ke hannunta. Ta dubi Mai Banda daga sama har ƙasa, ta dubi ƙafafunta, ta dubi kwalin da ta sauke ita kaɗai.

"Ke ce Mai Banda? Yayar Auta?"

"Ni ce."

"Ikon Allah. Ashe kin miƙe. Yaushe kika sami sauƙi haka?"

Mai Banda ta ce ita lafiyarta ƙalau, ko ciwon kai ba ta yi ba bana. Dattijuwar ta ɗauka ɓoyon ciwo ne, ta kama hannuwanta tana matsawa ɗaya bayan ɗaya. Da ta ga irin kallon da Mai Banda ke yi mata sai jikinta ya yi sanyi. Ta ja Mai Banda bayan kwanduna ta zaunar da ita, ta ba ta labarin tun daga tushe.

Ranar da Auta ya kai musu kwandon kifi, manyan garin sun ci, sun yi shawara, sun amince. Kifi ya cika musu ruwa ba su san yadda ake kama manyan ba, ɗan wanda suka kama kuma ruɓewa yake kafin ya kai kasuwa. Suka ce ba za su ɗauki gari ba, amma za su ɗauki gida ɗaya: mai wannan hannu da mijinta su zo, a ba su ɗaki da fili a bakin ruwa, shi ya koya wa samarinsu kamun manyan kifi, ita ta koya wa matansu banda. Suka yi ta zuba ido. Sai ga Auta ya dawo da matarsa da ganguna, yana hawaye, ya ce yayarsa ta faɗi a bakin wuta, ɓarin jikinta ya shanye, ko magana ba ta iyawa, mijinta kuma ba zai iya barinta ba. Wai ita ce ta yi masa nuni da hannu ya zo a madadinsu.

"Kullum kina cikin addu'armu," in ji dattijuwar. "Ni da kaina na sha ba shi zuma da man shafawa ya kawo miki."

Mai Banda ba ta san yadda ta iso gida ba. Kwalin ma a kasuwa ta baro shi. Ta tarar da Sannu-Sannu a tsakar gida yana wanke yashi daga ƙafarsa. A tsaye ta faɗa masa, muryarta ba ta rawa, kamar labarin wasu take bayarwa. Ta jira ya zabura, ko ya yi salati. Ya ci gaba da zuba ruwa a ƙafa. A nan ta gane.

"Ka sani."

Ya ce bai sani ba, zato ya yi. Ranar da yake naɗe ragar, Auta ya tambaye shi yawan dalmar da ake ƙara mata in ruwa ya yi zurfi ƙwarai, wanda kuwa zai kai wa wani raga ba ya irin wannan tambaya. Maganar ciwo dai bai taɓa kawo ta a ransa ba.

"Ka yi zato, ka naɗe masa, ka tafi kana haƙar yashi, ka bar ni ina tare masa faɗa a gaɓa."

"Ɗanki ne," ya ce. "Na ga in na faɗa, ko ki ƙaryata ni, ko ki rasa shi. Ban ga wanda zan iya ɗauka ba a ciki."

Ta shige ɗaki. Ran nan ba a hura wuta a gidan ba.

Washegari ta kama hanya ita kaɗai. Mota ta kai ta inda titi ya ƙare, daga nan ta shiga kwale-kwalen fasinja mai inji. Tana zaune a gefe tana kallon kogin yana komawa yadda ta san shi tana yarinya. Tsibiran yashi suka ragu har suka ɓace. Gaɓa ta matso, itatuwa suka sunkuyo, ruwan ya tashi daga launin ƙasa ya koma kore mai duhu. Ta zura hannu, sanyi ya sare ta har gwiwar hannu. Wani babban kifi ya juya kusa da su ya bar da'ira a saman ruwa, mai tuƙi ko kallo bai yi ba. A nan ne hawayen da suka ƙi zuwa a kasuwa suka zo. Ta ja mayafi ta rufe fuska, sauran fasinjoji suka ɗauka gaisuwar mutuwa za ta, wata har tana ba ta haƙuri.

Tun kafin su tsaya ta hango hayaƙi. Rumfa ce sabuwa, ta fi tata girma, ganguna a jere, mata na ta kai da komo, matar Auta a tsakiya da wuƙa tana nuna wa wata yadda ake tsaga. Da suka haɗa ido wuƙar ta suɓuce mata. Ta durƙusa a inda take, ko sannu da zuwa ba ta iya ba. Mai Banda ta wuce ta kamar ba ta ga mutum ba.

Auta yana bakin ruwa yana shanya raga. Ya yi ƙiba, jikinsa ya murje. Labari ya riga ta isowa, don haka bai yi mamaki ba, ya dai tsaya da igiya a hannu ya ce, "Yaya." Ta ce ya ajiye wannan ya zo inda ba kowa. Suka koma bayan wani dutse.

Ta tanadi maganganu tun daga gida, amma da ta tsaya gabansa guda ɗaya ce ta fito.

"Wane ɓarin ne ya shanye, dama ko hagu? Faɗa mini in sani, kada in yi kuskure gaban mutanenka."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ba don ƙiyayya ya yi ba. Gida ɗaya suka ce. Tun a hanyar dawowa yake juya abin a ransa: in ya isar da saƙon, ita da mijinta za su tafi a bar shi da taɓo, in kuma an tafi da shi, to a matsayin me? Mai riƙe filafili, mai ɗauko itace, ƙanin Mai Banda har ya yi furfura. Su sun riga sun ci zamaninsu, shi ko farawa bai yi ba. Ya yi niyyar in ya kafu ya zo ya faɗa mata gaskiya, sai kwanaki suka yi ta tafiya, ƙaryar ta yi girman da ba ya iya ɗaga ta.

"Da ka zo ka ce, Yaya, ga abin da suka ce, amma ni nake so, wallahi da na bar maka. Da ni zan ɗaure maka kaya."

"Na sani," ya ce. "Shi ya sa. Komai nawa ke kika ba ni. Wandon da na fara sawa, auren da na yi, har sana'ar da matata take yi. Na so in sami abu ɗaya da ba ke kika miƙo mini ba."

"Shi ne ka kwantar da ni ka ɗauka."

Ta tambaye shi zumar da ake ba shi ya kawo mata fa. Ya ce sun sha. Ba ta san dalili ba, amma wannan ɗan ƙaramin abu ya fi duk sauran yi mata ciwo.

Da la'asar shugaban garin ya tara dattawa a ƙofar gidansa, aka shimfiɗa mata tabarma, aka sa Auta ya tsuguna a tsakiya. Sun yi masa faɗa sosai, ba ragi. Wani ya ce ɗora wa mai lafiya ciwo ba ƙaramin abu ba ne, wani ya ce ya mayar da su yara. Mai Banda na sauraro, wani ɗan fata na motsi a ranta, domin har yanzu da sauran ƙarfinta, Sannu-Sannu kuma bai manta ruwa ba. Amma da faɗan ya lafa sai ta ji maganar ta karkata. Yaron dai ya yi laifi, amma ya zauna da su lafiya. Samarinsu sun iya jefa babbar raga, matansu sun iya banda, ga kwanduna na zuwa kasuwa. Ɗakin da aka tanada an riga an ba shi, matarsa kuma ga tsohon ciki. Su kuma tun farko sun yi magana, gida ɗaya. Shugaban ya ce da bara ta zo da ba haka ba. Yanzu abin da ya rage shi ne ta dubi girman Allah da zumunci ta yafe wa ƙaninta, kowa ya tashi da farin ciki.

Ta bi fuskokinsu da kallo. Mutanen kirki ne, ba mai mugunta a cikinsu, ba kuma wanda yake bukatarta. Abin da za ta zo musu da shi an riga an kawo, daga rumfarta aka ɗauko, da hannunta ta ɗaure. Duk sun zuba mata ido suna jiran kalma ɗaya su tashi.

"Na gode da addu'ar da kuka yi mini," ta ce. "Ta karɓu, ga ni a tsaye. Yafiya kuwa ba ni da ita yau. In na ce na yafe, na zama mutum na biyu da ya yi muku ƙarya daga gidanmu."

Dattijuwar nan ce ta taso ta kama hannunta ta kai ta ɗakinta, a can ta kwana. Da safe aka cika kwando da kifi aka kai mata kwale-kwale. Ta ce a sauke. Dattijuwar ta ce wannan ba na Auta ba ne, ita ta ƙyafe shi da hannunta. Mai Banda ta ɗauki gunduwa ɗaya ta fasa ta duba cikinta, ta ce wutar ta yi yawa da fari, ta riƙa bari itacen ya zama garwashi kafin ta ɗora. Sannan ta karɓa. Auta ya biyo ta har bakin ruwa ya tsaya daga nesa. Ba ta waiwaya ba.

Ba su ƙara shekara a gaɓarsu ba. Ciwon baya ya raba Sannu-Sannu da shebur, kogin kuma ya ƙara ja da baya, har daga rumfarta sai an yi tafiya kafin a taɓa ruwa. Suka rabu da kwale-kwalen, suka koma kusa da babbar kasuwa, suka kama ɗaki a bayan layin masu kifi. Ta kafa gangunan da suka rage mata tana ƙyafe kifin kwali, shi kuma yana zaune gefe yana fasa mata itace. Fushin da ta yi da shi ya daɗe, amma gaba da mutumin da ko ramawa ba ya yi ta gajiyar da ita. Wata rana ta tsinci kanta tana ba shi labarin wata mai saye tana dariya, shi ke nan aka wuce wurin.

Na Auta ne bai wuce ba. Da matarsa ta haihu ta aika da kayan jariri, ba ta je ba. In ya kira takan ɗauka, ta amsa gaisuwa, ta miƙa wa Sannu-Sannu wayar. Kwandunan gindin duwatsu kullum ta gaban rumfarta ake wucewa da su, ta koyi ci gaba da aikinta ba ta ɗaga kai ba.

Bayan 'yan shekaru kwandunan suka fara ƙanƙancewa. Masu kawowa suka ce zafin ya iso can ma, wasu ƙoramun sun ƙafe, manyan kifin sun ƙara haurawa, can inda duwatsu suka tare hanya kwale-kwale ba ya iya bi. Mai Banda ta ji. Ba ta yi murna ba, ba ta kuma tambayi kowa yadda Auta yake ciki ba.

Wata ranar kasuwa sai ga shi da kansa a bakin rumfa, ya rame, takalmansa duk ƙura. Sannu-Sannu ya matsa masa suka zauna, suka yi ta hirar ruwa, inda ya ƙafe da inda ya rage. Mai Banda ta kawo masa ruwan sha, da azahar ta zuba masa abinci kamar yadda za ta zuba wa kowane baƙo, ta tambayi matarsa da yarinyar. A nan ya yini. Ya sha buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai mai saye ya zo, ta juya ga ciniki.

Da rana ta yi sanyi ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ya zo ya tsaya a bayanta tana juya kifi.

"Yaya, ni zan koma."

"To," ta ce. "Allah ya kiyaye hanya. Ka gaida gida."

Ya ɗan ƙara tsayawa, sannan ya tafi, Sannu-Sannu ya raka shi tasha. Ita kuwa ta ƙarasa juya abin da ke kan waya, ta rage wutar, ta shiga kwashe kaya, don hadari ya fara haɗowa ta gabas.